Jajen da Na Kai Filin Tsere

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kai jaje inda ba a kai jaje ba. Shekara biyu ke nan, amma har yau in abin ya faɗo mini sai in ji gumi ya tsatso mini a bayan wuya, ko da kuwa a cikin jirgin ƙasan Kuala Lumpur nake, wanda sanyinsa ke sa mutum ya yi ta ƙanƙame jiki.

A lokacin ina shekara ta huɗu a karatun digiri na uku da aka ɗauki nauyina, aka kuma ce mini shekara uku ne. Na gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Malamar da ke duba aikina ta dawo mini da babi na huɗu sau shida, kowane karo da murmushi (da ma faɗa take yi da na fi samun sauƙi). Matata da yara suna Kano. Abin da ya rage mini na jin daɗi a garin shi ne ranar Juma'a, in an sauko masallaci a Kampung Baru, in taka a hankali zuwa shagon Baffa Sabo a Jalan Tuanku Abdul Rahman, in zauna a kan dilar yadi in yi Hausa har ta ishe ni.

Baffa Sabo ƙanin mahaifina ne. Saro mayafai ya kawo shi ƙasar nan tun ban shiga firamare ba, ya auri 'yar ƙasar, ya zauna. Ɗansa namiji ɗaya ne, Harisu, kuma sana'ar Harisu ita ce tseren mota. Ba wasa ba, ba kuma sha'awar ƙarshen mako ba, da ita yake ci da ita yake sha. Tun yana shekara takwas ya fara da ƙananan motocin nan da ke kusan jan ciki a ƙasa. Yana shekara sha tara ya hau irin waɗanda ake gani a talabijin, masu kujera ɗaya, tayoyi tsirara a waje, kan direba a buɗe. Ya yi shekara biyu yana tsere a Japan, har ya taɓa zuwa na uku, kuma hoton ranar na nan rataye a shagon, sama da inda ake ajiye almakashi. Daga nan kamfanin da ke ɗaukar nauyinsa ya janye. Ya dawo gida ya koma motoci masu rufi, waɗanda a ido kamar motar kai yara makaranta, amma an ƙwaƙule cikinsu an cika da ƙarafa. A nan ma bai samu wurin zama na dindindin ba. Yau wannan ƙungiya ta are shi tsere ɗaya, gobe waccan, tsakani kuma ya koya wa masu hali yadda ake shan kwana ba tare da sun kashe kansu ba.

Shekararsa talatin da bakwai a lokacin, wanda a sana'arsu tsufa ne. Sun yi magana da Baffa ta fahimta: in bai samu kujerar shekara guda cur ba a wannan karon, zai ajiye hular kwano ya ɗauki almakashi. Sai ga wata ƙungiya tana neman direba na biyu. Mai ita wata mata ce da kowa ke kira Madam. Ta ce za ta kawo motarta filin tsere ranar da ake buɗe shi ga kowa, ta ba Harisu sababbin tayoyi saiti ɗaya, in ya doke lokacin da wani matashi ya kafa a motar makon da ya wuce, kujerar tasa ce. Ranar Litinin za ta miƙa sunan direbanta ga masu shirya gasa.

Ya yi mini bayanin tayoyin da Hausarsa mai ɗingishi. “Yaya, sabuwar taya kamar shayi ce. Zagaye na farko ya yi zafi da yawa, ba ka san shi ba tukuna. Na biyu da na uku shi ne daɗin. After that, finish lah, ya huce.”

To ni me ya kai ni ciki? Bakina.

Tun zuwana nake ba su labarin wasan mota da muke yi a ɗaurin aure ina saurayi, yadda ake juya mota a tsakiyar titi tayoyi na hayaƙi, 'yan mata na ihu. Gaskiyar magana sau biyu na taɓa riƙe sitiyari a irin wannan wasan, a motar abokina, kuma na biyun a cikin rumfar mai shayi ya ƙare. Sauran lokutan a kujerar gefe nake, aikina ihu. Amma labari in ya yi nisa da gida yakan yi ƙiba. A shekara ta huɗu, a bakina, na zama mutumin da duk angon da ya isa sai ya aiko a kira shi.

Baffa yakan ce, “Ka ji ko, Harisu? A jini abin yake. Dakta ma da ya samu hanya da yanzu wani zancen ake.” (Dakta yake kirana tun ranar da na sauka daga jirgi, kuma kowace shekara sunan ƙara nauyi yake yi mini.)

Harisu, yaron kirki, shi ya ce in zo. Ya ga yadda na rame a kan babi na huɗu, ya ce zai samo mini 'yar ƙaramar mota daga waɗanda filin ke bayarwa haya, in ɗan zaga in huce. A ranar da rayuwarsa ke rataye, ya tuna da hutuna. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai in na tuna.

Muka isa da hantsi. Ya wuce gareji wurin makanikai, ni kuma aka miƙo mini takarda in cike. Akwai gurbi biyu: sabon shiga, ko wanda ya saba. Na tsaya da biro a hannu. Sababbin shiga da safe suke fita, malami a gefensu, a jere kamar 'yan rakiyar amarya. Waɗanda suka saba kuwa sai ƙarfe uku, kowa shi kaɗai. Na tuna duk abin da na faɗa a kan dilar yadi shekara huɗu. Na ce a raina, ni da angwaye ke aikowa a kira, a zaunar mini da malami a gefe? Na soka biro a gurbi na biyu. Aka manna wa gilashin motata koriyar takarda.

Na zauna a inuwa ina kallon sababbin shiga suna rarrafe, har ina girgiza kai.

Sai bayan azahar Harisu ya fito ya ga takardar. Ya daɗe yana kallonta.

“Yaya, wa ya ba ka wannan?”

Na ce, “Su suka ba ni.”

“Tare za mu fita ke nan.” Ya duba agogo, ya duba sama. Hadari ya fara haɗowa ta gabas, kuma duk wanda ya zauna a garin nan ya san ruwan la'asar ba ya saɓa alkawari. Lokacin sababbin shiga ya wuce, babu yadda za a mayar da ni. Ya dafa kafaɗata. “Okay lah. Ka riƙe gefe ɗaya, kar ka canza, kowa zai wuce ka. Kuma don Allah, Yaya, ko me ka gani, kar ka tsaya. Akwai masu wannan aikin.”

Jami'in da ya tara mu kafin fita shi ma ya faɗa, har sau uku. Rawayar tuta, a rage gudu. Jar tuta, tsere ya tsaya, kowa ya koma gareji. In wani ya yi hatsari, kar ka tsaya. In kai ka yi, kar ka fito daga mota sai an zo. Ba zan yi ƙaryar ban ji ba. Na ji, na gyaɗa kai, har na gyaɗa wa na kusa da ni.

Sai dai akwai wani abu da ya riga jami'in nan shiga kunnena da shekara talatin. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, direban motar haya ne a hanyar Kano zuwa Jos. Wata rana ina gaban mota kusa da shi muka tarar da wata mota ta kife a gefen hanya. Ya taka birki ya fita a guje, fasinjoji duk suka bi shi, ni kuwa tsoro ya sa na zauna. Da ya dawo, hannunsa duk jinin mutane, sai da ya fara wankewa. Sannan ya kwaɗa mini marin da har yau in ana sanyi nakan ji wurin. Ya ce, “Mutum na kwance kana zaune?” Tun daga ranar ban sake wuce hatsari ba. Ko akuya aka buge sai na rage gudu.

Ƙarfe uku aka sake mu.

Ba sai na ba da labarin tuƙina dalla-dalla ba, don ina da 'ya'ya. A taƙaice dai, a kwanar farko na kunna sigina. A filin tsere. Kuma da yake motocin ƙasar nan komai nasu a juye yake, abin goge gilashi ne ya tashi. Da wata mota ta wuce ni kamar an harbo ta, na danna mata hon na kuma yi mata daƙuwa. Hular kwanon ta matse mini kunnuwa, gumi na shiga idona, kuma a zagayen farko kaɗai na yi salatin da ya fi na watan azumi. Sau ɗaya na ga Harisu: wata farar mota ta taho a madubi, kafin in ƙifta ta zama ɗigo a gabana. Yana ɗumama tayoyinsa ke nan.

A zagayena na biyu wata jar mota ta wuce ni dab da wata kwana mai kaifi da ke kusa da ƙarshen fili. Ina kallo bayanta ya kufce, ta juya sau biyu, ta faɗa cikin tsakuwar da aka zuba a gefe, ta je ta daki tayoyin da aka jera a jikin katanga. Ƙura ta tashi.

Na ce innalillahi, ƙafata kuma ta riga ni yanke shawara.

Na faka tsaf. Ina nufin tsaf: na matsa bakin kwalta, na ja birkin hannu, na kunna fitilun gaggawa. (Daga baya aka nuna mini cewa daidai nan ne duk motar da ta fito daga kwanar take buɗewa ta bi, wato a duk faɗin filin babu wurin da ya fi wannan muni.) Na fito. Na cire hular kwano na ɗora a kan mota, don ai ba a gaida wanda ya yi hatsari fuska a rufe. Na ruga cikin tsakuwa, ƙafafuna na nutsewa, ina ɗaga murya: “Sannu! Sannu bawan Allah! Allah ya kiyaye gaba!”

Na tarar da wani dattijo ɗan China zaune daram, ɗaure da bel ɗinsa, ko ƙwarzane babu, yana jiran motar da za ta ja shi kamar yadda aka ce a yi. Da ya gan ni sai idanunsa suka fito ta cikin hular. Ya shiga kora ni da hannu biyu. Ni kuwa na kama murfin motar ina ja, ina ce masa ya yi haƙuri, yanzu za mu fitar da shi. Mu wa? Na waiga in kira jama'a su kawo hannu, kamar yadda ake yi, sai na ga babu jama'a. Babu wanda ya tsaya. Abin da na gani shi ne ma'aikatan fili a bayan shinge suna busa usur, suna kaɗa jajayen tutoci kamar za su ɓalle hannuwansu.

Sannan na ji kukan injin Harisu.

Ko wanda bai san mota ba zai gane mutumin da ke zuwa da dukkan abin da yake da shi. Ƙarar na tahowa tana hawa, tana hawa, sai kawai ta faɗi. Farar motar ta fito daga kwanar a hankali, ta kauce wa tawa, ta zo daidai inda nake. Hularsa ta juyo ta dube ni, ina tsaye cikin tsakuwa har idon sawu, kai ba hula, hannu a murfin motar wani. Ni kuma, Allah ya yafe mini, na ɗaga masa hannu.

A bayan babur ɗin wani ma'aikaci aka mayar da ni, rungume da hular kwano. Muka bi ta gaban garejoji duka, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya fito. Babu wanda ya yi dariya, kuma na so a ce sun yi. Da a ce ban tsaya ba, rawayar tuta kawai za a ɗaga a wannan kwanar, a ja dattijon, a ci gaba. Amma mutum a ƙafa a cikin fili, da mota fake a kan hanya, dole a tsayar da komai. Kafin a ja motoci biyu a share tsakuwar, ɗigon ruwa na farko ya sauka. Cikin minti biyar ko katangar da ke gabanmu ba a gani.

Babban jami'in ya kira ni ofishinsa. Tambaya ɗaya ya yi ta maimaitawa, me ya sa na tsaya. Na ce masa a garinmu haka ake yi. Ya cire tabarau ya murza idanunsa, ya ce in ba shi koriyar takardar. Dattijon ma ya leƙo, ashe likitan haƙori ne, kuma wannan ne karo na huɗu da yake shiga tsakuwar nan. Ya riƙe hannuna ya ce ya gode ƙwarai, amma don girman Allah kar in sake.

Na wuce garejin Madam. Ana raba zagaye gida uku wajen auna lokaci. Ta juyo da takardar da na'ura ta fitar, kowa ya gani. A kashi na farko Harisu ya riga matashin nan. A kashi na biyu ya ƙara ba shi rata. Gurbin kashi na uku babu komai. Tayoyin sun riga sun ba da abin da za su bayar, fili ya jiƙe, ranar kuma ta ƙare. Madam ba muguwa ba ce. Ta ce ta ga abin da ta gani, amma ba za ta iya kai wa abokan harkarta kashi biyu cikin uku ba. Ta rufe kwamfutarta.

A hanyar komawa ban da abin goge gilashi babu mai magana. Na shirya ban haƙuri kala biyar a raina, duk wanda na ɗauko sai in ji ya yi ƙanƙanta. Da muka shigo gari ya tsaya a wani shagon mamak, irin na Indiyawan nan Musulmi masu shayi da gurasa, ya ce a kawo shayi biyu. Ya daɗe yana juya kofinsa.

“Yaya, ka san abin da ya fi ba ni mamaki?”

Na ce a'a.

“Ka cire hula. Na fito daga kwana, na ga mota, na ga hula a kan mota, na ga Yaya yana gaisuwa.” Sai dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har ya kifa kai a tebur. Da ya ɗago idanunsa sun yi ja, kuma ba duka na dariya ba ne.

Na ce, “Harisu, ka yafe mini. Zan je in sami matar nan, in gaya mata laifina ne.”

“Ta sani ai. Kowa ya sani.” Ya goge fuska. “Ba komai. Shekara ashirin da tara ina zagaya wuri ɗaya. I'm tired lah, Yaya. Wallahi na gaji. Ko da na samu, shekara ɗaya ce, sannan a sake wannan roƙon.” Ya ture kofin gefe. “Kawai dai da na so in sani.”



Baffa da ya ji labari ya ce, “Dakta, abin da ubanka zai yi ka yi.” Ya faɗe shi da fuskar jaje, amma na ga yadda ya yi saurin sa a gyara wa Harisu wuri a bayan kanta. Farin cikinsa ya fi zagi yi mini ciwo. Wani kuma ya ɗauki abin a waya, kafin Litinin ya zaga duk zaurukan sada zumunta na ɗalibanmu. Har yau akwai waɗanda ba su san sunana ba, Malam Sannu suka sani. Labarin wasan mota kuwa ban sake ɗauko shi ba, ko a mafarki.

Yanzu Harisu ke riƙe da shagon. Ya iya awo, hannunsa ba ya rawa, mata na yabon yankansa. Takardar awon lokacin nan, mai gurbi ɗaya babu komai, tana nan soke a jikin hoton Japan. Bai taɓa nuna mini ita ba, bai kuma taɓa cire ta ba. Ni ina nan ina jiran ranar kare kundina, wadda aka ɗage sau biyu.

Juma'ar da ta wuce ana ruwa, ina tsaye a bakin shagon, wani tsoho ɗauke da ledoji ya zame a kan tayil ya faɗi a gabana, taku biyu tsakaninmu. Na daskare. Wallahi sai da na waiga hagu da dama in ga ko akwai abin da ke tahowa, ko akwai masu wannan aikin. Harisu ne ya tsallako kanta ya ɗaga shi, ya tattara masa kayansa, ya zaunar da shi a kujera. Sannan ya dube ni.

“Yaya, nan ai ana tsayawa.”

Abin da na koya dai shi ne, alheri ma yana da inda ake faka shi, kuma ga dukkan alamu har yanzu ban gama gane wuraren ba. Darasin ya zo mini a makare, kuma kamar sauran karatun da na yi a ƙasar nan, wani ne ya biya.